Kwana Uku a Bundukiyya da Matar da Ba Ta Shiga Jirgin Ruwa

Asabar: Madina zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da kwata na asubahin Asabar aka ɗora jakunkunanmu a kan mota a ƙofar gidanmu da ke unguwar Anbariyya. Mu huɗu ne a wurin. Ni Haruna, mai aikin yankan ruham, wato dutsen marmara da ake shimfiɗawa a daɓen gidaje. Matata Hawwa'u, wadda unguwa ke kira Ummu Salihu da sunan ɗanmu na biyu, tunda na farin ba ma kama sunansa. 'Yarmu Zainabu, wadda ta zo daga gidan mijinta a Aziziyya don ta riƙe mana gida. Sai direba, Usmanu, mutumin Cadi.

Dalilin tafiyar shi ne mai kamfanin da nake yi wa aiki ya sayi injin yanka dutse a ƙasar Italiya, kusa da garin Ferona, ya tura ni in koyi ɗaura wuƙarsa da kwance ta. Na roƙa in tafi da iyalina, ya yarda. Aikin na kwana huɗu ne, za a rage mana kwana uku. Wani abokin aikina ya ce kada in kuskura in dawo ban ga Bundukiyya ba, garin da Turawa ke kira Fenis. Saboda haka na samu takarda na ja mata layi, na rubuta rana, da ƙarfe, da wurin da za mu je, na sa a aljihun ƙirji.

Ummu Salihu ta ɗauko gwangwanin dabinon ajwa, da ƙullin yaji, da ɗan kaskon turaren wuta har da gawayinsa. Na ce nauyi ne na banza. Ta ce ba ta taɓa kwana a ɗakin da ba ta turara ba, kuma ba a ƙasar Turawa za ta fara ba. Ta juya tana jera wa Zainabu umarni da Hausa, ita kuma tana amsawa da Larabci, kamar yadda 'ya'yanmu na yanzu suka saba.

Mun yi sallar asuba a Harami, muka yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sallamar bankwana. Ƙarfe shida saura minti goma muka bar gari. Ƙarfe takwas da minti goma muna Badar, kilomita ɗari da hamsin, muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, a wani shagon shayi na bakin hanya. Usmanu ya ce ya ƙirga, sau tara na duba agogo tun daga Madina, yana so ya sani ko agogon ne zai tuƙa motar shi ya huta.

Da rana muka ci kifi a Mastura. Daga nan hanya takan kusanci teku. Ummu Salihu ta ja mayafi ta juya fuska wajen duwatsu, ba ta juyo ba sai da muka wuce shingen binciken takardu na Rabig. Na ɗauka rana ce ta dame ta. Abu biyu na sani game da ita tun aurenmu: ba ta son teku, kuma tana da ƙanwa da ta rasu a hanyar zuwansu daga Sudan tana ƙarama. Shekara ashirin da uku ban taɓa haɗa biyun nan wuri ɗaya ba, ban kuma tambaya ba.

Ƙarfe uku da rabi muka shiga Jidda, muka kwana gidan ɗan kawuna.

Lahadi zuwa Alhamis: Roma da Ferona

Jirgin sama ya tashi ƙarfe goma saura minti ashirin, ya sauka Roma bayan awa biyar da minti goma. Ma'aikacin bincike ya buɗe gwangwanin dabino, ya shinshina turaren, ya dubi gawayin ya dube mu. Ummu Salihu ta miƙa masa dabino uku. Ya ɗauki ɗaya, ya rufe jakar. Daga Roma jirgin ƙasa ya kai mu Ferona cikin awa bakwai.

Ba zan tsawaita kan aikin ba. Na koyi abin da aka aiko ni in koya, na ga an ɗaure injin a akwatinsa, na sa hannu. Ita kuwa ta zauna a masauki ta gama ɗinkin hula guda. Sanyin garin ya fi na Madina a tsakiyar hunturu, su kuwa suna cewa bazara ta shigo.

Juma'a: isa Bundukiyya

Jirgin ƙasa ya bar Ferona ƙarfe takwas da minti talatin da biyu. Tafiyar kilomita ɗari da ashirin ce. Kusa da ƙarshe sai ƙasa ta ƙare, jirgin ya hau wata doguwar gada, ruwa dama ruwa hagu. Ummu Salihu ta rufe ido tana jan carbi. Ƙarfe goma da minti ashirin muka sauka.

Mai karatu ya fahimci wannan da kyau, domin ni ma an gaya mini ban gane ba sai da na gani. Kana fitowa daga tashar, ka sauko matakala, babu titi. Inda titi ya kamata ya kasance ruwa ne, kore-kore, yana bugun dutse. Gidaje masu hawa uku da huɗu suna tsaye a cikinsa, ƙofofinsu na buɗewa kan ruwa. Mai kai burodi a jirgi yake, mai kwashe shara a jirgi, har motar asibitinsu jirgi ce.

Na je na yanko tikiti biyu na jirgin haya, na dawo na same ta inda na bar ta, a saman matakala, ta rungume gwangwanin dabino.

"Abu Salihu, ina motocin?"

"Babu mota a garin nan. Jirgi ne motarsu."

"Ba ka gaya mini ba."

Gaskiyarta ce. Na rubuta a takardata, jirgi mai lamba ɗaya, ƙarfe goma da minti arba'in, amma ban karanta mata ba. Na ce ta sauko, ga tsofaffi da jarirai suna shiga. Ta ce za ta bi ni ko'ina da ƙafa, ruwa ne kawai ba za ta shiga ba. Na yi mata magana mai zafi a gaban mutane, na ce ban ɗauko ta daga Madina don ta zame mini abin kallo ba. Ba ta motsa ba. Jirgin ya tafi.

Da ƙafa muka je masauki. Abin da jirgi ke yi cikin kwata na awa ya ci mana minti hamsin da biyar. Gada goma sha ɗaya muka hau, kowace da matakala sama da ƙasa, ina ɗauke da jaka biyu. Sau biyu lungu ya yaudare mu ya ƙare a bakin ruwa muka juyo. A kowace gada tsakiya take bi, idonta a kan ƙafarta.

Masaukin na wata tsohuwa ne, ɗakinmu a hawa na uku, tagarsa na kallon ruwa. Ummu Salihu ta rufe tagar. Babu masallaci a garin, don haka na fito da na'urar duba alƙibla, ta nuna kusurwar da ke tsakanin gabas da kudu, muka yi azahar raka'a biyu. Abincin rana kifi da burodi, da yajinta.

Bayan la'asar muka taka zuwa babban dandalinsu, San Marko. A nan zan yi magana a matsayin mai sana'a. Daɓen babbar majami'ar da ke wurin an yi shi da 'yan gutsattsarin ruham, ja da kore da fari da ruwan toka, wasu ba su kai faɗin farce ba, an jera su da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ƙasa ta lotsa, daɓen ya yi tudu da kwari, amma haɗin bai buɗe ba. Na tsuguna na shafa. Injin da na zo koya ba zai iya wannan ba. A saman wata hasumiya kuma akwai mutum-mutumi biyu na tagulla masu bugun ƙararrawa da guduma duk awa. Na gwada su da agogona, sun makara da minti ɗaya.

Ummu Salihu tattabarun dandalin ne suka ɗauki hankalinta. Ɗaya ta sauka a kafaɗarta. Ta ce tattabarun Harami sun fi waɗannan tarbiyya. Ita ce magana ta farko da ta yi mini tun tasha.

Asabar: turaren wuta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ta kunna gawayi a kasko ta zuba turare. Ba a yi minti biyar ba aka buga ƙofa da ƙarfi. Na buɗe, sai ga wata mace baƙa, siririya, wadda za ta kai shekara hamsin, da tsintsiya a hannu. Ita ce mai gyaran ɗakuna. Ta nuna hayaƙin tana magana da Italiyanci, na gane cewa gidan na katako ne, mai gidan tana tsoron gobara. Na juya na ce wa matata da Hausa ta kashe, ai na faɗa mata tun a gida.

Matar ta dakata. Ta dube ni, ta dubi Ummu Salihu, sannan a hankali ta ce, "Sannu. Lafiya lau. Ƙosai."

Iyakar Hausarta ke nan, amma tana da Larabci sarai. Sunanta Sa'adiya, Musulma ce, 'yar Masawwa da ke gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Iritiriya, shekararta tara tana aiki a Italiya. Da ta ji daga Madina muke, sai ta jingine tsintsiyar. Ummu Salihu ta buɗe gwangwani ta cika mata hannu biyu da ajwa. Ta sumbaci dabinon ta sa a goshi, ta zauna a bakin gado. Maganar kashe turare ba ta sake tasowa ba, tagar kawai ta buɗe.

Na tambaye ta inda ta samo Hausa. Ta ce a bayan gidansu a Masawwa akwai unguwar Takari guda, wato mutanenmu da suka taho hajji suka zauna a hanya, a wurin wata tsohuwarsu take sayen ƙosai tana yarinya. Ta ce wasu ta ƙasa suka zo, wasu kuma teku ne ya kawo su ba da niyya ba: sun taso daga gaɓar Sudan za su Jidda, iska ta kore su.

Ummu Salihu ta ajiye gwangwanin. Sai ta fara ba da labari, Sa'adiya take ba wa, ba ni ba. Ina tsaye bakin ƙofa da takardata a hannu na ji abin da ban taɓa ji ba.

A lokacin tana da shekara tara, ƙanwarta Kaltuma tana da biyar. Mahaifinsu ya rasu a hanya kafin su kai teku. A gaɓar da ke kusa da Sawakin aka kawo sambuki biyu, wato jiragen katako masu tantin da iska ke turawa. Mai jirgi ya raba mutane bisa nauyi. Ita da mahaifiyarsu aka sa a na farko, Kaltuma da gwaggonsu a na biyu. Kaltuma ta yi kuka za ta bi yayarta, ita kuwa ta ce mata ta yi shiru, gobe za su haɗu. Rana ta biyu iska ta taso. Tana kallon tantin ɗaya jirgin yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Su suka sauka a Lis, kudu da Jidda. Mahaifiyarsu ta zauna a bakin tekun kwana arba'in, sannan ta tashi ta ce ruwa ya ci su, kada a ƙara tayar da maganar. Har ta rasu a Madina ba a tayar ba.

Sa'adiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya ga gawa? Wa ya ga katakon jirgin?"

"Babu."

"To, 'yar'uwa, iskar arewa ba ta cika nutsar da sambuki ba. Kudu take kora shi, wajenmu. Da idona na ga masunta sun jawo irinsu ba sau ɗaya ba, mutane a galabaice da ƙishirwa, amma da ransu."

Ummu Salihu ta tambaye ta ko ta san wata mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Sa'adiya ta yi dogon tunani, ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi ƙarya a kan dabinon Madina ba. Amma ta ce rashin zaman lafiya ya sa yawancin mutanen unguwar sun koma Kasala da Bur Sudan a ƙasar Sudan, kuma tsofaffin matansu sun san kowa da jirgin da ya kawo shi.

A takardata, ranar nan ƙarfe tara, an rubuta tsibirin masu narka gilas. Na naɗe takardar na sa a ƙasan jaka. Muka fita da ƙafa ba tare da tsari ba. Muka ga gadar Riyalto mai shaguna a kanta, muka ga kasuwar kifi inda ake sayar da wasu halittu masu ƙafa takwas da ko kyauta ba zan karɓa ba. A wani ɗan fili mai rijiya a tsakiya muka zauna a kan benci. Na ce mata maganar da na yi a tasha ba ta dace ba, kuma laifina ne da ban taɓa tambaya ba. Ta ce ko na tambaya ba lalle ta faɗa ba. Daga nan ta tambaye ni yadda ake zuwa Bur Sudan daga Jidda. Na ce akwai jirgin ruwa, kwana da wuni, akwai kuma na sama, awa ɗaya.

Ta ce, "A ruwa na bar ta. Masu jirgi da mutanen bakin teku su ne za su sani. Wanda ya bi ta sama ba zai haɗu da su ba."

Lahadi: ƙetarawa

Kusa da kasuwar kifi akwai mashiga inda wani dogon baƙin kwalekwale ke ƙetarar da mutane daga wannan gefe na babban ruwan zuwa wancan. Mutum biyu ke tuƙa shi a tsaye, fasinjoji ma a tsaye suke ƙetarawa. Jiya ta lura da shi, ni ban lura ba. Bayan karin kumallo ta ce mu je can.

Mun isa ƙarfe tara da minti biyar. Ta tsaya ta kalli kwalekwalen ya je ya dawo sau huɗu. Ban duba agogo inda za ta gani ba. A na biyar matuƙin gaba, wani mai jan fuska da gashin baki, ya miƙo mata hannu. Ta ƙi hannunsa, ta kama tsintsiyar hannuna. Tunda muka yi aure ba ta taɓa riƙe ni a gaban mutane ba. Ta yi bisimilla, ta sa ƙafar dama, kwalekwalen ya yi tangaɗi, ta sa ta hagu. Wata tsohuwar Baturiya mai kwandon kayan miya ta matsa ta nuna mata katakon zama.

A tsakiya wani babban jirgi ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Farcenta ya shiga fatata. Na ce ta rufe ido. Ta ce a'a, wancan karon a sambuki ma ido buɗe ta yi. Muka taɓa ɗaya gefen bayan minti biyu da daƙiƙa arba'in. Ta fita, ta tsaya a kan dutse tana numfashi, sannan ta ce, "Abu Salihu, biya shi mu koma." Sau uku muka ƙetara. A na ukun matuƙin ya ƙi karɓar kuɗinta, ya nuna mata sandar tuƙin, wai ko za ta karɓe shi aikin. Ta yi dariya cikin mayafi.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga jirgin haya zuwa tsibirin masu gilas, minti ashirin, ta zauna a tsakiya nesa da taga. Mun ga mutum ya ciro narkakken gilas daga wuta a bakin bututu, ya hura, ya ja da hantsaki, sai ga doki. A wani shago ta tsaya kan wasu duwatsun wuya masu zanen shuɗi da rawaya. Ta ce irinsu ne mahaifiyarsu ta ɗaura musu ɗaya-ɗaya a wuya kafin su bar gida, ba ta taɓa sanin daga nan suke fitowa ba. Ta zaɓi sarƙa biyu iri ɗaya. Na ce ta biyun ta Zainabu ce? Ta ce a'a.

Litinin zuwa Laraba: komawa

Sa'adiya ta rako mu har mashigar jirgi. Ummu Salihu ta juye mata sauran dabinon duka, da kaskon turaren, ta riƙe gwangwanin kawai. A jirgin haya muka koma tasha, minti goma sha shida, jakunkuna a ƙasa, ba gada ko ɗaya. Jirgin ƙasa zuwa Roma, kwana ɗaya a can, jirgin sama ranar Talata, muka sauka Jidda bayan magariba. Laraba da safe Usmanu ya zo ɗaukarmu. A Mastura ta ce ya rage gudu, ta sauke gilashin mota ta kalli tekun har hanya ta juya. Usmanu ya dube ni ta madubi, ya ce me aka yi wa Hajiya a ƙasar Turawa. Na ce ya kula da tuƙinsa. Ƙarfe huɗu saura kwata muka ga hasumiyoyin Harami. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, muna kuma gode wa duk wanda ya taimake mu a hanya, musamman Sa'adiya.

Na rubuta wannan da Hausa, ba da Larabci ba, domin waɗanda nake nema Hausa suke ji. Zan ba alhazai da masu ziyara su tafi da shi. Bayan ƙaramar salla, in Allah ya yarda, ni da Ummu Salihu za mu shiga jirgin ruwa daga Jidda zuwa Bur Sudan, daga can Kasala. Ba mu da tabbacin komai, amma ba wanda ya ga gawa.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. Ka karanta wa tsofaffin matan gidanku wannan. Muna neman Kaltuma, wadda yanzu za ta kai shekara talatin da shida. Tana da tabon ƙunar kunu a bayan hannun hagu. Mahaifinta Idi maɗinki, mahaifiyarta Asabe, gwaggon da ta riƙe ta a jirgi Dije. Wataƙila ba ta tuna sunayen nan ba, amma za ta iya tuna yayar da ta ce mata gobe za su haɗu. In ka san ta, ko ka san wanda ya hau sambukin nan, ka aiko da saƙo ta hannun kowane mai zuwa Madina, ya tambayi Haruna mai ruham a Anbariyya. In kuwa ita ce a gabanka, ka gaya mata yayarta tana raye, ta saya mata sarƙa, kuma tana tafe ta ruwa.